Kuɗin tallar da na ba Facebook: littafin wata mai kayan gara a Katsina

11 ga Janairu, 2025

Yau na ɗauki adashina, na cire N60,000 na ajiye gefe guda. Kuɗin talla ne. Niyyata in bi su naira-naira daga yau har Babbar Sallah, in gani da idona ko biyan Facebook da Instagram su nuna kayana yana dawo da abin da ya ci.

A cikin gida nake sana'ata, nan Rafindadi: alkaki, nakiya, dubulan, cincin da dambun nama. Kayan gara su ne ƙashin bayan cinikin, dambu kuma shi ke riƙe ni tsakanin biki da biki. Duk cinikina ta WhatsApp yake zuwa. In na ɗora kaya a sitatus, masu gani su ne dai na jiya: dangina, dangin maigida, ƙawayen Islamiyya, matan unguwa. Sun saya, sun kawo wasu, Allah ya saka musu, amma an daɗe rabon da in ga baƙuwar lamba ta yi mini sallama.

Hajiyata ba ta yi murna da shawarar ba. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi za ki ba wanda ba ki gani ba kuɗinki? Kaya in da kyau shi ke saida kanshi." Na ce, "Haka ne Hajiya, amma sai an gan shi." Ta ce Allah ya sa albarka, ta ƙara da cewa kada in taɓa uwar kuɗi. Na yi mata alƙawari.

Doka ɗaya na kafa wa kaina: abin da ya shigo asusu shi ne lissafi. Duk sabuwar kwastoma kuma zan tambaye ta a ina ta gan ni, in rubuta.

19 ga Janairu

Da gangan na fara da abin da kowa ke farawa da shi, don in samu ma'auni. Hoton dambu a roba, na danna shuɗin maɓallin nan da ke ƙasan hoto, wanda muke ce wa sponsa, na bar shi Najeriya baki ɗaya, maza da mata. N10,000 na sa. Tun Janairun 2022 ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallar Facebook a Najeriya, saboda haka abin da ya fita aljihuna N10,750 ne. Mai shirin shiga wannan harka ta riƙa lissafi da shi tun farko.

Hoton ya yi yawo ƙwarai. Laik ya haura dubu, "Masha Allah" da "Allah ya kawo kasuwa" ba iyaka, kuma addu'ar ta yi mini daɗi har raina. Masu tambayar "nawa?" sun fito daga Legas, Yola, Fatakwal. Wanda ke Legas da ya ji kuɗin mota ya fi kuɗin dambun sai ya yi shiru, kuma da gaskiyarsa. Mutum biyu suka saya, roba uku. In an cire nama, man gyaɗa, gas da kuɗin robar kanta, ribar kowace ba ta wuce N800 ba. Ke nan N2,400 suka dawo daga N10,750.

Autanmu, wanda ke karatun kwamfuta a kwalejin Hassan Usman, ya duba ya ce, "Yaya, injin nan abin da kika roƙa shi yake ba ki. Kin ce a nemo miki masu danna laik, ya nemo su. Ba ki ce masa masu saye kike nema ba."

27 ga Janairu

Jiya da yamma auta ya zauna da ni muka shirya talla ta biyu, ya kuma warware mini abin da ban gane ba game da farashi. Ashe babu tsayayyen kuɗi. Gwanjo ake yi. Duk lokacin da wata ta buɗe wayarta tana gungurawa, akwai gurbin talla a gabanta, masu talla da yawa na neman gurbin, na'ura kuma ta zaɓi ɗaya cikin ƙiftawar ido. Yawan kuɗin da mutum ya taya yana cikin abin da ake dubawa, amma ana duba yiwuwar mai wayar ta yi abin da mai tallar ke nema, ana kuma duba ingancin tallar kanta. Wannan ya ƙarfafa mini guiwa. Mai ƙaramin jari kamar ni tana iya kayar da babban kamfani a wayar matar da ke shirin aurar da ɗiyarta, domin ni ce nake da abin da ke ranta a wannan makon.

Ya kuma gaya mini abin da ya ɗan sanyaya ni. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, da kansa yana cewa talla tana bukatar sakamako wajen 50, kamar saƙo ko saye, cikin mako guda kafin na'urar ta gama gane mutanen da suka dace da ita. Mai sa N2,000 a rana da wuya ta kai nan. Mu ƙanana kusan kullum na'urar na cikin laluben mutanenmu kuɗin ke ƙarewa.

Ga yadda muka yi. Mun bar dambu, mun sa kayan gara. Mun zaɓi tallar da in aka danna ta take kai mutum kai tsaye WhatsApp ɗina. Wurare biyu kaɗai: cikin garin Katsina da Daura, domin motar Daura ba ta yankewa a tasha, saƙo na isa a yini. Mata zalla. Rubutun da Hausa, gajere, da farashin bokitin kowane abu a fili, don wadda kuɗin ya fi ƙarfinta ta wuce ba tare da mun ɓata wa juna lokaci ba.

Hoton ne ya fi ɗaukar mini hankali. Da hantsi na ɗauka, bakin taga, kan farin faranti. Na karya alkaki ɗaya biyu don a ga yadda ruwan sukari ya ratsa shi har ciki, yana ƙyalli. Na haɗa da ɗan bidiyo na dakan nakiya, taɓarya na sauka, man shanu na tsattsafowa gefen turmi. Ban sa kiɗa ba, ƙarar turmin ta isa.

N15,000, da haraji N16,125. Sha'aban na ƙofa, kowa na son a ɗaura aure a tare kafin azumi.

Wata 'yar sanarwa ga masu iPhone: auta ya ce tun 2024 Apple na ɗora kashi 30 a kan sponsa in an biya ta cikin manhajar wayar. Wadda ta biya ta shafin intanet ta tsira daga wannan ƙarin.

9 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi. Saƙonni sun kai arba'in da wani abu, oda uku ta tabbata: biyu cikin gari, ɗaya Daura. Ribar ukun a haɗe N82,000.

Ina so in rubuta yadda ta farko ta kasance, domin ta koya mini abin da alƙaluman Facebook ba sa nunawa. Da dare aka kira ni, muryar dattijuwa. "Salamu alaikum. Ɗiyata ce ta nuna man ke a waya. Ni ban sayen abin da ban ɗanɗana ba." Na ce, "Hajiya, ni ma ba zan so ki saya ba ki ɗanɗana ba. Ina ne gidan?" Ta ce Ƙofar Ƙaura. Da safe na ƙulla ɗan kowane abu, auta ya kai a babur. Washegari sai ga ta da kanta da ƙanwarta. Ta zauna tsakar gida, ta ce a kawo alkaki. Ta karya, ta duba cikinsa, ta sunsuna ko man ya kwana. Ta leƙa madafa. Sannan ta dube ni ta ce, "Ɗiyar gidan wa ce ke?" Da na faɗa, ashe ta san yayar Hajiyata, tare suka yi makarantar allo. Nan take ta ba da kafin alƙalami, rabin kuɗin, ba ta ko nemi ragi sosai ba.

Tallar ce ta kawo ta ƙofar gida, wannan ba shakka. Amma abin da ya sa ta buɗe jaka shi ne ɗanɗano, tsabtar madafa da sunan gidanmu. Na kuma lura wadda ke ganin tallar daban, mai biyan kuɗin daban. Amarya ko ƙanwarta ke riƙe da waya, uwa ko gwaggo ke riƙe da kuɗi. Da na taƙaita tallar ga manyan mata kaɗai da wannan Hajiyar ba ta san da ni ba.

Akwai wani kuɗin da ba ya cikin N16,125, wato lokacina. Saƙo arba'in kowanne sai an amsa sallama, an turo hoto, an maimaita farashin da ke rubuce, an ji "to, sai na yi shawara". In na yi awa biyu ban amsa ba saboda ina kan tuya, sai in tarar mutum ya tafi wani wuri. Wadda ta same ki ta talla ba ta san ki ba, ba ta da dalilin jiran ki. Dole na roƙi ƙanwar maigida ta riƙa riƙe mini wayar ranar aiki.

Wani kuma ya turo hoton rasit yana cewa ya biya, a sallami yaro da kaya. Na duba asusu ban ga komai ba, na ce ya yi haƙuri sai kuɗi sun shigo. Bai sake magana ba. Baƙin ido na zuwa da irin wannan, kaya ba ya fita gidana sai na ga kuɗin a asusuna da idona.

23 ga Fabrairu

Kuɗin data ya tashi. Tun watan jiya hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50, yanzu ya iso kanmu. Mata da yawa sun gaya mini ba sa buɗe bidiyo sai dare. Ni ma na rage tsawon nawa.

Babu talla a wannan makon, kuma ni na hana. Odar da ke hannuna ta cika kaskona. Biyu daga cikin matan da suka ci gara a gidan bikin Ƙofar Ƙaura sun nemi lambata. Auta na ta cewa, "Yaya, yanzu ne fa kasuwar, ki ƙara kuɗi." Na ce masa in na karɓi abin da ba zan iya fitarwa da kyau ba, alkaki ɗaya da ya yi tauri a gidan surukai ya isa ya rushe duk abin da tallar ta gina. Maganar gara ba ta tsayawa a gida ɗaya.

12 ga Maris

Tun 1 ga wata muke azumi. Gara ta kwanta. Na sake gwada dambu, wannan karon cikin garin Katsina kaɗai, roba uku zuwa sama, da kalmar sahur a rubutun. Saƙonnin sun fi shigowa bayan asham da kuma wajen ƙarfe huɗu na asuba. N6,450 suka fita, riba wajen N7,000. Kuɗi ya dawo da kansa, wahalar ta tafi a banza.

26 ga Maris

Goman ƙarshe, tallar cincin ɗin Sallah a bokiti. N12,000, da haraji N12,900.

Yanzu na ga gwanjon nan da idona. Abin da kowane saƙo ke ci mini ya kusa ninka na watan Janairu. Dalili a fili yake: masu atamfa, masu shadda, masu takalma, masu lalle, masu turaren wuta, kowa ya fito yana neman idon matan Katsina ɗin nan da nake nema. Matan ba su ƙaru ba, masu taya gurbin ne suka ƙaru. Da zan ba wata shawara, sai in ce ta fara tallar Sallah tun tsakiyar azumi, ta tara oda kafin cunkoso.

Abin da ya faranta mini rai a makon nan ba daga wannan tallar ya zo ba. Matan da suka yi mini magana a Janairu suka ce sai sun yi shawara, da yawansu sun ajiye lambata, ni ma na ajiye tasu, suna ganin sitatus ɗina tun lokacin. Huɗu daga cikinsu sun sayi cincin yanzu, ban biya ko sisi a kansu karo na biyu ba. Ban san a wane shafi zan rubuta su ba, na Janairu ko na kyauta. Na buɗe musu shafi nasu.

6 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris. An yi hawa, baƙi sun watse, na samu zama da littafi.

Tallar cincin ta kawo sababbin mutum tara, riba N27,000. In na haɗa komai daga Janairu: N46,225 suka fita, N118,400 suka dawo a matsayin riba. Wanda ya ji haka zai ce ai magana ta ƙare, a yi ta talla. Amma N82,000 daga cikin kuɗin nan daga hannun mata uku suka fito. In na cire tallar gara da ribarta, sauran uku sun ci N30,100 sun dawo da N36,400. N6,300 ke nan ladan duk amsa saƙon da na yi tsakar dare. Da data zan cire ma da ba abin da zai saura.

Hukuncina ya zuwa yau shi ne girman ribar da ke kan kwastoma ɗaya ke yanke magana. In samun sabuwar kwastoma zai ci miki N1,500 ko N5,000, sai ki dubi abin da za ta bari a hannunki, yau da kuma dawowar da za ta yi. Gara ta ɗauki wannan nauyi cikin sauƙi, cincin ɗin bokiti ya ɗauka daidai gwargwado, robar dambu ɗaya ba ta iya ba.

Maƙwabciyata mai awara da zoɓo ta shigo ta ce in koya mata. Na ce, "Maman yara, don Allah kada ki sa kuɗinki." Masu sayen awararta duk suna iya jin ƙamshin suyarta daga gidajensu. Wanda ke Ƙofar Guga ba zai hau babur don awarar N300 ba. Abin da ya kamace ta shi ne ta tara lambobin matan layinmu ta riƙa ɗora sitatus da la'asar, kyauta. Mai ɗinkin amare, mai kayan ɗaki, mai gyaran jiki, mai girkin biki, su ne nake ganin za su ci moriyar biya.

Ta yi wata magana da ta tsaya mini a rai. Ta ce ita burinta ta daina ɗora wa 'yarta faranti. Mu da muka tashi a garin nan mun san yadda sana'ar matan cikin gida take fita waje: a kan yarinya, lungu-lungu, har bakin tasha, wani lokaci a bakin karatunta. Ni 'yata ba ta taɓa ɗaukar talla ba, wayar nan ce ke ɗaukar mata. Ko da lissafin ya tashi babu riba babu faɗuwa, wannan kaɗai abin dubawa ne a wurina, kuma ina so matan unguwarmu su san akwai hanyar, ta kuɗi ga wadda kayanta ya isa, ta kyauta ga wadda bai isa ba.

4 ga Mayu

Labari ya karaɗe rediyo da waya cewa Meta ta faɗa a takardun kotu tana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya saboda tarar da hukumomi uku suka ci ta, wadda ta kai kusan dala miliyan 290. Mafi girma ita ce dala miliyan 220 ta hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tun 2024. Rahotannin sun ce ba a ambaci WhatsApp a barazanar ba.

Ko an rufe ko ba a rufe ba, na gane zaman haya nake yi a shafin nan, mai gida kuma yana wata ƙasa. Mabiya dubu biyun da nake taƙama da su ba ni da hanyar kiran ko ɗaya in aka wayi gari babu shafin. Daren jiya na sayo sabon littafi mai kauri, ni da ƙanwar maigida muka kwafe lambar duk wadda ta taɓa saye ko ta taɓa tambaya: sunanta, unguwarta, abin da ta saya, da watan bikin in ta faɗa. Wadda ta aurar da babbar ɗiya a Sha'aban kuma ta ce akwai ƙanwarta na tafe, na sa mata alama da jan biro.

10 ga Yuni

Babbar Sallah ta kama Juma'a, 6 ga wata. Sayar da dambu a makon layya ba shi da ma'ana, kowane gida da namansa. Sai na juya abin: ki kawo cinyar ragonki ko kason sanki, in dafa, in daka, in soya, ki biya kuɗin aiki a kan kowane kilo. Ba ni da kuɗin nama a ciki, nawa mai ne da gas da kayan ƙamshi da ƙarfi.

Mun zagaye kilomita 10 daga gida, domin ɗanyen nama a zafin nan ba ya son tafiya. N8,000, da haraji N8,600, muka sake ta tun kafin Arfa. Ma'aikatan asibiti da malaman makaranta suka fi yawa, matan da hutun Sallah bai ishe su tsayawa kan turmi ba, daga Layout, Dutsin Safe da GRA. Ranar Asabar kafin azahar na ce wa auta ya kashe tallar, domin firiza ta cika kuma wuta ba ta da tabbas. Na ɗauko mata biyu suka taya ni daka. Bayan na sallame su na cire mai da gas, abin da ya rage daga sababbin fuska kaɗai N41,000 ne. Tsofaffin kwastomomi na rubuta su daban, don su ta sitatus suka gani.

Wannan ita ce tallar da ta fi sauƙin ciniki cikin duka. Babu mai cewa sai ta yi shawara, domin naman na gabanta kuma ba zai jira ba.

Cikin N60,000 saura N5,175. Ba zan yi talla a farkon daminar nan ba, bukukuwa sun yi sauƙi kuma cincin ba ya son danshi. Na ware N20,000 daga ribar layya na haɗa da ragowar. Gwaji na gaba Daura ce ita kaɗai, gab da Sallar Gani, in ga ko oda ɗayar nan ta Fabrairu sa'a ce ko akwai kasuwa a can da gaske. Kafin nan sai na samu direba tsayayye a tasha wanda zan riƙa ba saƙo, kuma gobe in Allah ya kai mu auta zai raka ni Babbar Kasuwa mu tayo kasko na biyu.